Hoton da Manjo Bai Sa wa Hannu Ba

A unguwar Bulumkutu in ka ce Dzarma Pindar sai a tsaya kallonka, amma in ka ce Manjo, ko mai keke napep zai sauke ka a ƙofar gidansa. Shekara ashirin da biyu ya yi cikin kaki. Da ya tuɓe, sai ya shiga wata sakandare yana koyar da zane har shekara goma sha takwas. Rabin masu rubuta allunan shaguna daga nan zuwa cikin garin Yerwa ta hannunsa suka bi, kuma har kwanan baya in ya wuce allon da aka karkata harafi sai ya tsaya ya ja tsaki. Tsarinsa har ya yi yawa. Burusan fentinsa ma a jere suke kamar masu fareti, babba a dama.

Yanzu ya haura saba'in da biyar, kuma ya gaji. Ya gaji da layin asibiti, ya gaji da ɗiga magani. Likita ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama ma yana haɗa kayansa. Manjo bai yi musu ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai.

Lokacin da aka tura su Laberiya aikin kwantar da tarzoma, mutum bakwai cikin sojojinsa ba su dawo ba. Da ya dawo gida sai ya zana fuskar kowannensu a kan katako, da abin da ya riƙe a ka, ya kuma kafa wa kansa doka: ba zai sa hannu a hoto ba sai wani jinin mamacin ya duba ya ce shi ne. Shida ya bi danginsu gari-gari, aka yi kuka, ya sa hannu, ya bar musu. Na bakwai shi ne Kofur Babakura, mai goya masa rediyon sadarwa. Adireshin da ke takarda ya kai shi gidan da mutanensa suka daɗe da tashi. Shekara talatin ke nan hoton yana jingine a ɗakin zane, duk shekara sai ya sauko da shi ya ƙara masa fenti, har matarsa Rhoda take masa tsiya wai Babakura ya fi ta samun kwalliya a gidan nan.

Ita Rhoda ɗin ce ta kamo bakin zaren. A layin asibitin ido ta ji wata mata 'yar unguwar Umarari tana zancen wanta soja da ya tafi Laberiya bai dawo ba. Ta yi mata kwatancen gida. Ran Asabar da hantsi sai ga matar, Ya Kaltum, ta yi sallama.

Bayan gaisuwa Manjo ya yaye ƙyallen da ke kan hoton, ya koma gefe ya ƙame. Ya Kaltum ta daɗe tana kallo.

"Baba Manjo, ka yi haƙuri," in ji ta. "Goshin nasa ne, kunnen ma nasa ne. Amma ina tsagarsa?"

Manjo ya nemi kujera ya zauna. Babakura Babarbare ne, da tsagarsa zara-zara a kumatu irin wadda ke fuskar ƙanwarsa. Ko tun farko bai sa ba, ko gyaran shekara-shekara ne ya binne ta, shi kansa bai sani ba. Mutumin da yake rage wa ɗalibi maki don ya manta maɓallin riga! Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta da wurin ɓuya.

Ya lalubo siririn burushi ya matsa kusa, har hancinsa na taɓa katakon. Dishi-dishi kawai yake gani. Ya miƙa wa Ya Kaltum.

"Ni ban taɓa riƙe wannan abu ba," ta ce.

Ta buɗe jakarta ta ciro tsinken kwalli, ta tsoma a baƙin fenti. Hannun hagu yana bin tsagar kumatunta, na dama yana ja a kan katako, ɗaya bayan ɗaya. Layukan sun ɗan karkace. Rhoda ta gani, ta kau da kai.

"A kafaɗata na ɗauko shi har bakin mota," in ji Manjo, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Amma kin ga, fuskarsa ta kuɓuce mini."

"Ni da muka sha nono ɗaya, muryarsa ta ɓace mini tuntuni," Ya Kaltum ta ce, tana share ido da gefen lafayarta. "Kada ka damu, Baba. Yanzu kam shi ne."

Manjo ya juya wajen hoton, bai ga ko layi ɗaya ba. Rhoda ta kama hannunsa ta ɗora a kusurwar katakon, ya rubuta sunansa da lalube. Ya ajiye burushin.

"Rhoda, ki wanke burusan nan. Ran Litinin a kai wa makaranta."