Kajin Jegon Doña Eufrasia

A ƙauyenmu na kan tsaunukan Santander, mace ba ta buƙatar faɗin tana da ciki. Da zarar an ga uwarta ta tara 'yan tsaki a bayan gida, magana ta ƙare. Mai jego a wurinmu romon kaza take sha har ta yi arba'in, kuma kajin tun cikin yana ƙarami ake fara kiwonsu.

Maƙwabciyata Doña Eufrasia ita ce gwanar wannan harka. Gajeriya ce mai faɗa kamar barkono, amma duk gidan da aka haihu ita ake kira. Ta murɗe wuyan kaza, ta fige, ta ɗora tukunya da rogo da ɗanyar ayaba, duk kafin ka gama shan kofi. Rabin mutanen garin nan romonta ne ya tayar da iyayensu daga shimfiɗa. Abin da ke cin ranta shi ne ba ta taɓa dafa wa 'yarta tilo, Nidia, ba. Nidia ta daɗe da aure, sau biyu ciki yana zubewa.

Da aka samu na uku ya zauna, Eufrasia ta cika gida da kaji. Cikinsu akwai wata budurwar kaza ja, ƙosasshiya, ko ƙwan fari ba ta yi ba. Wata safiya tana tsakiyar cin masara ta yi tsalle ɗaya, ta faɗi, shi ke nan. Ba ciwo, ba cizo, ba mura.

Ihun Eufrasia ne ya fito da ni. Na tarar da mijinta Don Belisario yana jujjuya kazar yana haɗiyar yawu.

"Da ɗuminta fa, Eufrasia. A bar nama haka ya lalace?"

"Taɓa ta ka gani, tsohon kwaɗayi! Sai na dafa ka a madadinta."

Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Kin san in dabba ta faɗi haka kawai, abin da ya nufo mutumin gida ne ta tare."

Ta dube ni, idonta ya cika da ƙwalla. "To in bai ƙoshi ba fa? In ya dawo neman Nidia?"

Ni ma tsoron ya kama ni.

Ta binne kazar a gindin bishiyar lemo. Da yamma ta kwashe sauran kaf ta zuba a ɗakin kwananta, wai ko cuta ce ko mugun abu, sai ya bi ta kanta tukuna. Don Belisario ya ɗaura ragar kwanciyarsa a baranda, ya zama abin tsokanar gari.

"Don Beli, an ce zakara ya ƙwace maka gado?"

"Ku bari kawai. Ya ma fi ni samun abinci."

Haka aka yi ta tafiya har cikin Nidia ya tsufa. Kaji suna kwana a kan gado, suna yin ƙwai a cikin hular maigida, Eufrasia tana hira da su, kowacce da sunanta. Ko ɗaya ba ta sake mutuwa ba.

Ranar wata Lahadi, ana fitowa daga coci, Nidia ta sauka lafiya. Mace aka samu, ƙatuwa, mai murya irin ta kakarta. Na yi murna har na rasa inda na yar da mayafina.

Ina cikin hura wuta sai ga Eufrasia a ƙofata, rungume da wata farar kaza. Matar da ta murɗe wuyan kajin garin nan ba adadi, sai shafa bayan kazar take yi.

"Ƙanwata, na kasa. Mun kwana tare da su muna jiran yarinyar nan. 'Yar'uwarsu ta riga ta biya, ba zan ƙara ɗaukar ran ko ɗaya ba. Ba ni kazarki, ki riƙe wannan, amma ki rantse ba za ta shiga tukunya ba."

Na yi dariya har da riƙe ciki, na rantse. Gida gida ta bi tana wannan musaya, kuma ba wanda ya hana ta. Kajin gari duka suka yi wa Nidia jego.

Da romon farko ya nuna, Eufrasia ba ta bar kowa ya ɗauki kwanon ba. Ta zauna a bakin gado, ta hura cokali ta kai bakin 'yarta.

Nidia ta ce, "Mama, ai ina da hannu."

"Riƙe 'yarki da shi," in ji Eufrasia. "Ni bar ni in ciyar da tawa."