Layin da Yaya Ta Ƙi Sauyawa

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, ina cikin shanya kaya ƙaninki, maigidana, ya kira ni daga asibiti. Ya kasa haɗa magana, sai cewa ya yi, "Yaya ta tafi." Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma.

Yaya, ke yayar mijina ce, amma ba ta nan na fi saninki ba. Lokacin da na tare, akwatina guda cike yake da littattafan soyayya. Kika ɗaga ɗaya, kika karanta bayansa, kika ce, "Amaryarmu, su waɗannan duk sai sun yi aure a ƙarshe? Ba mai ɓata ko ɗaya?" Washegari kika aiko min da littattafan labari cikin zane na Matuƙiya, yarinyar nan mai tuƙa jirgin ruwa a cikin gajimare. Ranar har girki na ƙona.

Ke kika kafa shafin intanet inda masoyan labarin ke tara duk abin da aka sani game da shi, kowa na iya rubutawa, kowa na iya gyarawa. A shagonki na tabarau, da zarar mai saye ya fita, sai ki jawo waya daga ƙarƙashin kanta ki duba abin da aka ƙara. Dokarki ba ta da tsawo: abin da ba a zana a littafi ba, bai faru ba. Duk wanda ya rubuta abu sai ya faɗi fitowa ta nawa, shafi na nawa. Hasashe da buri kuwa kika yi musu ɗaki nasu a gefe, kika ce a je can a yi ta mafarki, ba kuɗin haya. Ni na fi kowa zama a ɗakin nan.

Ba ki taɓa goge rubutun mutum ba ki gaya masa dalili ba. Wani mai gyaran waya da ya zazzage ki a kan launin hular Matuƙiya, hoton shafin littafin kawai kika tura masa, kika ce ya zo ki gwada masa ido kyauta. Ya zo kuwa. Yau yana cikin masu kula da shafin.

A fitowa ta ƙarshe jirgin ya shige baƙin hadari, mai zanen kuma ya ajiye alƙalami bai sake ɗauka ba. Shi ya sa a ƙarƙashin hoton Matuƙiya kika rubuta: "Makomarta: ba a sani ba." Da jikinki ya yi nauyi, na kai miki littafin har asibiti ina buɗe miki shafi-shafi. Kika ce, "Wallahi na fi ki son yarinyar nan ta fito." Na ce to mu rubuta mana, wa zai hana ki? Kika ce, "Ni." A zaman nan kika damƙa min mabuɗin shafin.

Bayan rasuwarki mutanenki suka haɗa baki suka mai da layin "tana raye", don su karrama ki. Mai gyaran wayar ne ya rubuta, ya ce yana yi yana hawaye. Har ƙaninki ya sa baki: "Layi ɗaya ne fa, kuma ke ce uwar son labari ya ƙare da daɗi."

Gaskiya ya faɗa. Na daɗe da wayar a hannu ina kallon kalmomin nan biyu, sun yi min kyau ƙwarai. Sannan na mai da layin yadda kika bar shi, na kulle shafin, na rubuta musu dalili. Wasu sun yi fushi, wata ta ce daga zuwana na fara mulki, ta fice. Na ji zafi, amma ba zan sauya ba. Idan yau mun ƙara don ƙauna, gobe wani zai ƙara don son ransa, kuma baƙon da ya shigo neman gaskiyar labarin ba zai san wanne zai yarda da shi ba. Muddin mabuɗin na hannuna, sai an zana za a rubuta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da maigidanki, da 'yan biyunki, da ƙaninki da har yanzu yake danna lambarki da mantuwa. Allah Ya ba mu haƙuri. Taki makomar ma ba mu ke rubuta ta ba, Yaya, roƙo kawai muke iyawa. Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce masaukinki. Amin.