Inabin Ɗa'ifa da tuwon da ya huce

Shekarun baya can, wajen alif ɗari tara da sittin da 'yan kai, ina tuƙa mota a wurin wani muɗawwafi, wato mai kula da alhazai a Makka. A unguwar Hindawiyya aka haife ni, Hausata rabinta Larabci ne, amma ita ta sama mini aikin. Duk attajirin da ya zo ta jirgin sama da iyalinsa, ni ake haɗa shi da shi. Su ba kamar iyayenmu ba ne da suka zo a ƙasa, suna tafe suna tsintar auduga a Sudan. Gida mai fanka ake kama musu, ruwansu da ƙanƙara, bayan Arfa kuma akwai yawo da aka tsara: kasuwar zinariya, shan iska a Ɗa'ifa, daga nan sai jirgi zuwa Misra.

A shekarar aka ba ni wani attajirin goro, ɗan kimanin arba'in, da matarsa da 'ya'ya uku. Mutumin nan ya ruɗa ni. Ya biya kuɗin ganin lambuna, amma kullum sai ya ce in kai shi lungunan Nakkasa, unguwar Hausawan Makka, ya tsaya cikin rana yana kallon tsofaffi masu tuyar waina. Hajiya ta fara ƙorafi, maigidana kuma ya ja mini kunne: in iyalin nan suka tafi ba su ga Ɗa'ifa ba, in ajiye masa makullin motarsa.

Saura kwana uku su tashi, Alhaji ya ce wata mata yake nema, ya faɗi sunan wani ƙauye. Na ce ai garin mahaifiyata ke nan, ƙila ta san ta. Muka je gidanmu. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa da babbar rigarsa, ya gaishe ta, sannan ya faɗi sunan mahaifinsa da na kakarsa.

Mahaifiyata mace ce mai son baƙi, ko mai tallan gawayi sai ta tambaye shi iyali. Amma ranar sai ta ja mayafi, ta juya fuskarta ga bango. Can ta ce da ni, "Ka ba baƙonka ruwa." Shi ke nan.

Kunya ta kama ni har wuya. Na ce mata da Larabci don kada ya ji, "Inna, aib! Babban mutum ne fa." Na fito da shi ina ta ba shi haƙuri, ina cewa tsufa ne. A mota na leƙa madubi, na ga yana murmushi hawaye na zuba. Na ce a raina, yau na haɗu da masu kuɗin da wulaƙanci ke yi wa daɗi. Da zai sauka ya ce, "Gobe ma ka kai ni."

Nan na yi wayon da har yau nake cizon yatsa a kansa. Na lissafa cewa in na mai da shi, za ta sake dizga shi, Hajiya ta rasa Ɗa'ifa, ni kuma in rasa mota. Da safe sai na ce masa Inna ta tafi Jidda ta'aziyya. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "To, Allah ya dawo da ita lafiya." Muka hau dutse zuwa Ɗa'ifa. Yara suka sha rumman, Hajiya ta sayi turaren wardi, shi kuwa ya zauna gindin bishiya da inabi a hannu bai ci ko ƙwaya ba. Ni ina ta yaba wa kaina.

Da la'asar sakaliya na koma gida da kwandon inabi. Na tarar an share tsakar gida, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga tuwo a rufe da miyar kuka. Daddawar da Inna ke ɓoyo tun bara, wadda ko da salla ba ta taɓa ba, ita ta zuba. Tana zaune da zanenta na Juma'a. Ta dubi bayana, ta ce, "Kai kaɗai?"

Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Basakkwaciya da muke kira Gwaggo, ita ta ja ni waje. Da na gaya mata abin da na yi, ta riƙe baki. "Kai, mi ka aikata haka? Wallahi kun zama Larabawa! Wace macce ka juya ma baƙo baya, in ba ɗanta na fari ba?" Na ce ai ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai? Da take kiran sunanka gatsau sau goma a yini?"

Ashe kafin ta auri mahaifina a hanya, ta yi aure a gida, ta bar yaro yayayye a hannun kakarsa. Abin da na ɗauka wulaƙanci ne, kunyar ɗan fari ce. Shi ya gane nan take, ni da na tashi a ɗakinta ban gane ba.

Ranar ƙarshe na kai shi tun da hantsi, ban iya haɗa ido da shi ba. Awa biyu kacal suka samu. Tana ciki, yana bakin ƙofa, ni a tsakiya ina tafinta tsakanin mutum biyu da duka suka fi ni Hausa. "Tambayi baƙonka 'ya'yansa nawa." "Gaya wa Inna uku ne, ta tsakiyar sunanta gare ta." Ya ci ɗumamen tuwon jiya tas. Da muka miƙe ta ce, "Ka ce da shi ya rage shiga rana."

Bai sake zuwa ba sai bayan rasuwarta. Ni kuwa na riƙe makullina, na yi shekaru ina kai masu kuɗi shan iska. Babu wanda ya taɓa yi mini gorin ranar nan, shi ko ita, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Shekara talatin da wani abu suna jiran kwana uku, ni na ɗauke ɗaya na kai shi Ɗa'ifa.