Labbo Bai Gudu Ba

Shekara ashirin ke nan da muka kai Malam Labbo makwancinsa a Kebbe, kuma har yau in na ji an ce wani ya gudu, sai in ji kamar zai yi gyaran murya a bayana. Ɗan kawuna ne, wato taubashina. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yara "bawana" yake kirana, ni kuma ban taɓa raga masa ba. Da niyyata in bar shekarar nan ta wuce da addu'a kawai, don na gaji, idona ma ya gaji. Abin da ya hana ni shi ne wani saurayi mai ladabi da ya zo gidana a Tambuwal kwanan baya, daga ƙungiyar da ta gaji tamu, yana neman tarihi. Cikin hira ya tambaye ni ko gaskiya ne shugabansu na farko gudu ya yi ya bar ƙungiya da abubuwa suka rikice. Haka ya ji ana faɗa. Ban ga laifinsa ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai na fara bayyana aikinmu, don ba kowa ya san shi ba. A shekarun karɓar mulkin kai, kwalejojin horon malamai da makarantun koyon sana'a na Jihar Arewa sukan ajiye mutum ɗaya da ba ya shiga aji, ba kuma shi ke mulki ba. Aikinsa ya san ɗalibai: daga ina suka zo, wa ya ci jarrabawa, wa ya bari, sannan ya haɗa bayani ya aika sama don a san inda ake bukatar ƙarin aji ko malami. Malaman ƙididdiga ake ce mana. Malaman aji suna ɗaukar mu akawuna, akawuna kuma suna ɗaukar mu 'yan sa ido. Kowa yana kwalejinsa shi kaɗai, ba wanda zai tambaya in abu ya shige masa duhu.

Labbo ne ya ga ya kamata mu san juna. Ya yi ta aika wasiƙu har mutane suka amsa don su huta. Ya ce a Tambuwal za a riƙa haɗuwa saboda tana kan hanyar mota, amma ni na san dalilinsa na biyu: a gidanmu za a tuƙa tuwon baƙi, ba a gidansu ba. Lokacin dogon hutu muke taro, a wani ajin firamare, manyan mutane da rawunansu a kan bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Taron farko kacokan a kan suna ya ƙare, don 'yan kwalejin malamai ba su yarda a jera su da 'yan makarantar sana'a ba. Da yamma ta yi aka ba Labbo shugabanci. Ni kuwa ya ce magatakarda nake, ba tare da ya tambaye ni ba, wai ba a shawara da bawa.

Shi dai abu ɗaya ya kawo shi. A ƙa'idar aikinmu, ɗalibin da aka koma hutu bai dawo ba, in an ɗan jira, sai a rubuta masa wata kalmar Turanci da mu muke fassarawa "ya gudu". Da an rubuta, shi ke nan, gurbinsa ya tafi, wata kwaleji ma ba za ta karɓe shi ba. Wanda ya tsara ƙa'idar bai san ana komawa makaranta gero na tsaye a gona ba, bai kuma san akwai gidan da in uba ya kwanta ciwo, ba mai kora shanu sai ɗan da ke kwaleji.

Labbo da hannunsa ya taɓa rubuta wa wani ɗalibi haka, Jabbi, ɗan Fulanin wajen Sanyinna, yaro mai ƙoƙari. Abin ya tsaya masa a rai, sai ya hau keke ya nemi rugarsu. Ya tarar uban ba lafiya, Jabbi kuwa ya yi kudu da shanu. Da ya yi wa baffan yaron bayanin abin da aka rubuta, tsohon ya dube shi ya ce, "Ɓarawo ka gudu, Malam. Mi yaron ga yas sata?" Labbo ya ce mini furar da aka ba shi kawai ya sha ya juyo. Ya yi ta zarya wurin shugaban kwalejinsu har aka mayar da Jabbi, ya gama, ya zama malami.

Wannan ya sa ya kawo wa ƙungiya shawara: kada ɗayanmu ya ƙara cewa ɗalibi ya gudu sai ya je gidansu, ko ya aika wanda ya amince da shi, an tambaya. In an tarar da dalili, a ce "ya koma gida", a faɗi dalilin, a bar masa ƙofa a buɗe. Bin sawu ya kira abin, kamar yadda makiyayi ke yi in saniya ta ɓata. Aka yi masa ca. Malam Ɗanjuma, wanda ya fi kowa iya magana a cikinmu, ya ce an ɗauke mu aikin tebur ne, ba yawon ƙauye ba, kuma in aka bi ta Labbo sai an saya wa kowa jaki. Ba ƙarya ya yi ba, aikin da wahala. Sai da aka yi taro bayan taro kafin a amince, kuma ina jin gajiya da nacin Labbo ce ta sa wasu suka ɗaga hannu. Daga nan ya zama al'ada, duk wanda ya zo taro sai ya ba da labarin ɗalibi ɗaya da ya bi sawunsa.

Kada wani ya zaci riƙon ƙungiya abin daɗi ne. Ka aika wasiƙa, ta isa bayan taro ya watse. Wanda bai zo ba ya yi fushi an yanke shawara ba shi, wanda ya zo ya yi fushi an ba shi tabarma an ba wani katifa. A canja wa mutum wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce shi bai san da wata ƙungiya ba, a sake farawa daga sallama. Labbo yakan bi mutum har masauki yana ba shi haƙuri a kan laifin da ba shi ya yi ba. Na sha ce masa ya bar wahalar nan, mutanen da ba sa gode masa. Sai ya ce ai ba don su yake yi ba.

A 'yan tarukan ƙarshe ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a. Duk takardar da aka miƙa masa sai ya turo mini ya ce, "Karanta, bawa, aikinka na." Mutane su yi dariya, ni in rama da baƙar magana, in karanta. Wasan taubasai ne a idon kowa, har da ni. Ya san inda zai ɓuya ba a gan shi ba.

Sai ga maganar raba Jihar Arewa zuwa jihohi. Hankalin kowa ya tashi, ba wanda ya san inda zai faɗa, wasu har sun fara zancen kowace jiha ta yi tata ƙungiyar. Ana cikin haka aka kira taro, Labbo bai zo ba, bai aiko ba. Muka ji ya ajiye aiki a kwalejinsu. Muna zaune ana jira, Malam Ɗanjuma ya ce, "To, shugaba dai ya gudu." Aka yi dariya. Ba da mugunta ya faɗa ba, amma maganar ta zauna. Na tuna musu ƙa'idar da suka ɗaga wa hannu, na ce a tashi mutum biyu ko uku mu je. Kowa ya kawo uzuri, ga damina, ga hanyar Kebbe, garinsu Labbo, da kowa ya san halinta, ga mota da za ta tashi da safe.

Na ari keke na tafi. Inda ruwa ya cinye hanya na saɓa shi a kafaɗa, ina tafe ina shirya zagin da zan yi masa. Da hantsi na isa, na same shi a zaure yana tufkar igiya, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Na yi sallama ya amsa da fara'a, ya miƙo hannu, amma hannun ya nufi gefena, ba inda nake ba. Na kai hannuna na kama nasa, na manta da zagin.

"Bawana," ya ce, "kai ɗai kaz zo?"

Na ce ni kaɗai ne. Ya tambayi abin da aka ce a taro, na fara kewaye-kewaye, ya katse ni.

"Sun ce na gudu."

"Haka nan sunka ce."

Ya yi 'yar dariya ya ci gaba da tufka. Ya gaya mini idon ya daɗe yana tafiya, an gwada na asibiti an gwada na gida. Ba ya son a riƙa zaunar da shi gaban taro don tausayi, ana karanta masa abin da zai sa wa hannu. Na ce to me ya hana shi aiko da saƙo? Ya ce kunya ce da farko. Sannan ya ce, "Ba jarraba ku nika yi ba, Mani. Amma duk keken da yat tsaya bakin gidan ga, sai in ce ga su nan."

A rayuwata ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba sai ranar. Da zan taso na tambaye shi abin da zan gaya musu. Ya ce ai na san ƙa'ida, in ce ya koma gida, in faɗi dalili.

Na koma Tambuwal, na sami waɗanda ba su riga sun tafi ba, na faɗa musu. Malam Ɗanjuma har ya share hawaye, aka yanke shawarar tura tawaga da zarar ruwa ya ɗauke. Kafin ruwa ya ɗauke an rarraba mu, kowa ya kama gabansa. Tawagar ba ta je ba. Labarin makantar ya tsaya a ajin nan na firamare, ita kuwa maganar gudu, da yake ta fi daɗin maimaitawa, ta bi mutane zuwa sababbin jihohinsu. Labbo ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, yana tufkarsa, yana tsokanata, bai ƙara tambayar ƙungiya ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Saurayin nan ya nuna mini yadda suke aiki: komai a na'ura, abin da muke wata muna haɗawa su kafin shayi ya huce sun gama. A otal suke taro, kowa da kujerarsa. Na yi musu murna har zuciya. Sai na tambaye shi, ɗalibin da bai dawo ba fa? Ya ce in lokacin rajista ya wuce, na'urar da kanta take cire shi. Na ce wa ke zuwa gidansu? Ya dube ni da mamaki, kamar na tambaye shi wa ke yi musu ɗinkin rawani. Ga babur da zai kai mutum garin Jabo ya dawo kafin azahar, ga waya a aljihun kowa. Da Labbo na nan, na san ba faɗa zai yi ba. Wasiƙa zai fara aika musu, ya yi ta aikawa har su amsa don su huta.

Me ya rage nasa? Ƙa'idarsa ta mutu, ƙungiyar da ya kafa ba ta san fuskarsa ba, igiyoyin da ya tufka sun daɗe da tsinkewa. Amma ranar jana'izarsa na ga wani dattijo mai furfura, tsohon hedimasta, ya zo daga nesa ya tsaya a sahun gaba. Wani ɗan'uwanmu da bai san shi ba ya tambaye shi yadda suke da mamacin. Jabbi ya ce, "Shi yaz zo nemana." 

Saboda haka, ga 'yan ƙungiya na yau, ga rahoton tsohon magatakarda, bisa ƙa'idar da iyayenku suka ɗaga wa hannu. Na bi sawu, na je gidansu, na gani, na tambaya. Malam Labbo bai gudu ba. Ido ne ya ƙare masa, ya koma gida, ya zauna yana sauraron kekunanku. Daga baya kuma ya koma inda duk za mu koma. Allah Ya haskaka kabarinka, ubangidana. Ka ga yau na faɗa da bakina, kuma ba ka nan balle ka yi mini dariya.