Yoyon da Zuwaira ta nema har kwana uku

Wata rana, a ɗakin gwaji na wata jami'a, wata ɗalibar digiri na biyu mai suna Zuwaira ta kasa zaune ta kasa tsaye.

Aikinta a cikin wata tukunyar ƙarfe ake yin sa, kuma sai famfo ya zuƙe iskar ciki tas. Kwana uku yana zuƙa, iskar ta ƙi ƙarewa.

Zuwaira ta ce yoyo ne, iskar waje ke shiga ta wata kafa. Ta ɗaure noti, ta kwance, ta canja roba, ta sake ɗaurewa. Ko abinci a tsaye take ci.

Sai ta tuna Lirwanu, abokin karatunta, shi ya yi aiki da tukunyar kafin ita.

Ai kuwa ba ta yi wata-wata ba. Ta rubuta a guruf ɗin sashensu, inda malamai ke gani, cewa ya fasa na'ura ya yi gum. Washegari aka karɓe masa makullin ɗakin gwajin, alhali saura mako biyu ya miƙa aikinsa.

Ina faɗa muku, saurin hannu a waya bala'i ne.

A rana ta huɗu Malam Tanimu, mai kula da na'urorin, ya dawo daga hutu. Bai taɓa noti ko ɗaya ba. Wutar lantarki ya kunna a cikin tukunyar, ragowar iskar ciki ta yi haske, ya saita na'urar tantance haske a ƙaramar tagar tukunyar. Kowace iska da kalar haskenta, ba ta iya ɓoyewa.

Ya daɗe yana duban kwamfuta.

Zuwaira ta ce, "Malam, ta ina iskar take shiga?"

"'Yata, da iskar waje ce, da mun ga naitirojin. Babu. Tururin ruwa ne, daga ciki yake tashi. Wa ya sa jiƙaƙƙen abu a nan?"

Nan take Zuwaira ta tuna.

Ita ce ta wanke farantin gwajinta. Tana sauri, ba ta sa shi a na'urar busar da kaya ba, ta jefa shi cikin tukunyar ta rufe.

Da ta ɗauko waya ta goge saƙon, mutum sittin da huɗu sun riga sun karanta. Ta rubuta na neman afuwa, aka mayar wa Lirwanu makullinsa.

Lokacin da ya rasa dai ba wanda ya mayar masa.

Darasi: Kafin ka kama sunan wani, buɗe tukunyar ka ga abin da hannunka ya zuba.

Tura wa wannan abokin naka mai saurin rubutu a guruf. Ni ma kaina na fara turawa.