Tayoyin Tsere a Hanyar Gwallameji

Cikin duk shekarun da na yi ina ɗaura taya a garin Bauchi, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Baba Yohanna ya tsaya a ƙofar shagonmu ya kira ni macuci. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ya kamata ku ji yadda aka yi.

A lokacin ni ne babba a wajen ɗauri. Alhaji mai shago shi ke odar kaya, ni kuma duk tayar da za ta hau mota sai na duba ta, na duba rim, wato ƙarfen da take zama a kai, sannan na ce a ɗaura. In an sami matsala sunana ake kira.

Wajen ƙarshen rani ɗan Baba Yohanna ya zo, Injiniya Bitrus. Mutanen Bogoro ne, amma yana zaune a Gwallameji. Yana da wata jar mota mai ƙofa biyu, gajera ƙwarai, ko ɗan tudun da ake yi a titi sai ya karkace yake haurawa. Ya nuna mini hoto a waya, ya ce irin waɗannan tayoyin yake so, na filin tsere, don yana son motar ta riƙa kama kwalta a kwana.

Ga wanda bai sani ba, robar irin wannan taya tana da laushi, in ta ɗau zafi sai ta manne da kwalta kamar ƙaro. Zanenta kaɗan ne, kuma ba zurfi. Zanen taya kuwa ba ado ba ne, hanyar ruwa ce. In ruwa ya kwanta a titi kuma babu inda zai bi, sai mota ta hau kansa, sitiyari da birki su daina jin magana.

Duk wannan na san shi. Amma abin da na ce kawai shi ne, "Injiniya, ba sa son ruwa fa."

Ya yi dariya. "Malam Sabo, na karanta komai a kansu."

Sai na ja bakina. Mutum ne mai ilimi, motarsa ce, kuma in faɗi gaskiya ni ma ina ɗokin ganinsu a injina, don ban taɓa ɗaura irinsu ba. Bayan mako uku suka iso daga Legas. Na ɗaura, na yi musu balansin don kada su yi rawa a gudu, ya tafi yana murna.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba sai ga jar motar ta dawo, amma tsoho ne ya fito daga ciki. Injiniya ya tafi kwas Abuja ya bar makulli a gida. Shi Baba Yohanna tsohon direban babbar mota ne, ya tsufa a kan hanya, kuma da yatsa yake auna taya. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Waye Sabo a nan? Kai ne ka sa wa yarona taya wanda ya suɗe, ka ce masa sabo ne? Macuci!"

Masu shagunan gefe suka fara taruwa. Raina ya ɓaci, amma na san ina da gaskiya. Na durƙusa na nuna masa lambobi huɗun da ke gefen taya, masu faɗin mako da shekarar da aka yi ta. Na nuna masa ƙananan gashin roba da ko karyewa ba su yi ba. Na ce, "Baba, sababbi ne fil. Haka kamfani ya yi su, na tsere ne. Zamani ya wuce na babbar mota." Mutane suka yi dariya, ni ma na ji daɗi.

Tsohon ya daɗe yana shafa tayar. Sannan ya ce, "To, in ruwa ya sauko, ta ina zai bi?"

Na ce, "Wannan sai ka tambayi mai mota. Abin da ya nema shi muka ba shi."

Ya shiga mota ya tafi. Alhaji ya ce na yi daidai.

Ranar Juma'a ta makon da ya biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, Injiniya ya zo da kansa ya ce sitiyari na rawa tun da ya dawo. Na sa jak na ɗaga. Da na juya tayar gaba sai na ga layuka uku masu zurfi sun zagaye ta, a karkace, bakinsu a ƙone. Duka huɗun haka suke.

Kun san wannan aikin. Wasu masu faci suna ɗaukar ƙarfe mai zafi su tsaga wa suɗaɗɗiyar taya sabon zane. Akwai tayoyin manyan motoci da aka yi su da kaurin da zai ɗauki haka. Ta ƙaramar mota ba ta da shi, balle wannan. A wuri biyu har wayoyin ƙarfen da ke cikin robar sun fito.

Injiniya ya kira mahaifinsa, ya zo a keke napep. Bai yi musu ba.

"Ni na kai shi Tirwun wajen wani mai faci. Na tsaya a kansa har ya gama."

"Baba, ka kashe su! Gobe fa zan tafi Bogoro da Rahila. Da na ɗau gudu da waɗannan, da a hanya za su fashe da mu."

Rahila matarsa ce, tana da tsohon ciki a lokacin.

Baba Yohanna ya sunkuya ya ɗora yatsa a kan wayar da ta fito. Ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna a kai, ya cire hula. Can ya ɗago, ba ɗansa ya kalla ba, ni ya kalla.

"Ɗana, na zo wurinka tukuna. Da ka ce mini akwai wanda ya fi wannan a ruwa, da ban je ko'ina ba."

Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban ji ba ranar da ya zage ni. A ranar muka ɗaura wa motar tayoyin titi masu kama kwalta da kyau kuma masu zurfin zane. Tun farko suna nan a kan kantar shago, bayan kujerar da nake zama.

Tun daga nan, duk wanda ya zo da hoto a waya sai na tambaye shi wace hanya yake bi, da wane lokaci, da wa yake ɗauka. In abin da yake so bai dace ba nakan faɗa masa dalla-dalla, ko da farfesa ne, in ya so ya yi fushi. In kuma mutum ya shigo yana faɗa, nakan bar wanke kaina tukuna in ji abin da yake tsoro. Tsohon nan ya yi kuskure a kan tayar, amma tsoronsa na kan hanya, kuma ni kaɗai ne a wurin na san haka, na bar shi ya tafi ana masa dariya.