Jirgin Katakon da Ba a Shayar Ba

Duk wanda ya zauna da Badamasi bakanike a unguwar Al-Ranuna ta Madina zai gaya maka ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake yi masa kallon mai sanyin hali. Matarsa Mero ce kaɗai ta san ɗayan halin nasa, wato ba ya mantuwa. Ta shekara talatin tana zuba masa shayi, ta san in aka taɓa shi sai ya ƙara yin shiru, ya ƙara ladabi, kuma daga nan ne ake jin tsoronsa.

Mutumin Yawuri ne. Ubansa masassaƙin jiragen katako ne a bakin kogin Kwara, kuma tun Badamasi bai fara gemu ba aka saba ganinsa cikin jirgi, kai a ƙasa ƙafafu a sama, yana ɗaura injin tsohuwar mota don masu dakon shinkafa su huta da tuƙi. Aikin janareto ne ya kawo shi Madina, a wani kamfanin dabino da ke Ƙuba. Shekara ashirin da shida ke nan yana garin da babu kogi babu tafki, kuma bai taɓa kokawa ba, don ya ce wanda Allah ya zaunar kusa da Manzo ba ya da bakin ƙorafi. Bayan la'asar yake buɗe 'yar warsharsa, wato garejin da ke bayan gidansa, yana tayar da tsofaffin motocin Amurka da Larabawa ke riritawa kamar 'ya'yansu. Cikinsu duka ya fi ƙaunar injin Kapris mai silinda takwas. In ya kunna shi yakan tsaya da sifana a hannu yana sauraro, ko sallama aka yi ba ya ji.

Surajo ɗan abokinsa ne, marigayi Usmanu, wanda suka yi iyo tare tun suna yara. Da Surajo ya samu aikin injiniya a Madina, a falon Badamasi ya sauka, ya yi wata huɗu yana cin tuwon Mero kafin ya kama gidansa. Yaro ne mai kai, ga takardu, ga Larabci kamar a nan aka yanke masa cibiya. Kawu yake kiran Badamasi, yana russunawa.

Surajo ne ya kawo aikin jirgin. Wani mai kantunan magani, Saif, ya sayo tsohon jirgin gudu a Jidda, ƙirar shekarun 1960, jikinsa jan katako mai ɗaukar ido, amma gishiri ya cinye injinsa ƙurmus. Surajo ya ce masa ya san yadda za a sa masa injin mota. Bai sani ba, ya dai san wanda ya sani. Ranar da aka jawo jirgin a kan tirela har ƙofar warsha, Badamasi ya shafa gefensa da tafin hannu. Mero ta ce rabon da ta ga fuskarsa haka tun ranar sunan 'yarsu ta fari.

Wata goma sha huɗu ya yi a kan aikin. Ya je maƙabartar motoci ya zaɓo injin Kapris, ya warware shi kaf. Ya cire lagireto, ya ƙera tukunyar bututun tagulla yadda ruwan teku zai sanyaya injin ba tare da ya shiga cikinsa ba. Duk murfin baƙin ƙarfe da gishiri zai iya ci, ya sauya shi da na tagulla. Ya yi wa salansa rigar ruwa don kada zafinta ya ƙone katako, ya ɗaga wuyanta sama don kada igiyar ruwa ta biyo ta baya ta shiga inji. Ya sa wa kabireta raga, domin tartsatsi ɗaya cikin tururin fetur ya isa ya mayar da jirgin itacen girki. Surajo kuwa duk Alhamis yana nan cikin farar jallabiya, ba ya taɓa komai, sai ɗaukar hoto. Noti ɗaya bai tsere wa wayarsa ba. Badamasi har daɗi yake ji, yana cewa ɗan Usmanu na son koyo.

Da aka gama, Badamasi ya ɗauki hutun kwana biyar. Ya ja jirgin ya wuce Badar har bakin teku a Rayis, ya ajiye shi a ruwa mara zurfi wajen wani masunci, ya zauna yana kwashe ruwan da ke shiga da bokiti. Ya gayyaci Surajo, Surajo ya ce yana da taro a ofis, kuma shi bai ga amfanin zaman gadin jirgi ba tunda inji ya riga ya tashi.

Ranar gwaji jirgin ya tsaga ruwa kamar wuƙa a cikin kabewa. Saif ya yanka rago a wani gidan hutu, ya tara abokansa. Ana cikin shan gahawa sai wani baƙo ya nuna Badamasi da haɓa, ya tambayi wane ne wannan dattijon. Surajo bai ko waiwaya ba. Cikin Larabcinsa mai santsi ya ce, "Ma'aikacina ne, shi ke wanke mini ƙarafa."

Taku uku ne tsakaninsu. Badamasi ya shanye gahawarsa, ya kaɗa kofin alamar ya ƙoshi, ya miƙa. Abin ya ci masa rai yadda ko mutuwar ubansa ba ta yi masa ba, domin mutuwa ba ta raina mutum. Ba ladan aikin ya dame shi ba. Sunansa aka ɗauke a gabansa, da harshen da aka ɗauka ba ya ji sosai, kuma bakin da ya ci tuwon gidansa ne ya ɗauke. Kafin mako ya zagayo bidiyon jirgin ya gama wayoyin 'yan Nijeriya na Madina, kowa na yi wa Muhandis Surajo, wato injiniya, barka. Mero ta ce ya kira yaron ya wanke shi tas. Badamasi ya ce a'a, shi ba ya faɗa da yara. Ranar Juma'a ma da suka haɗu a masallacin Ƙuba shi ya fara miƙa masa hannu.

Bayan 'yan watanni Saif ya sayo jirgi na biyu, ya ba Surajo, tunda a saninsa shi ne gwanin. Surajo bai nemi Kawu ba. Ya kama tasa warshar, ya ɗauki ma'aikata biyu, ya buɗe hotunansa yana bi ɗaya bayan ɗaya. A faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Sai dai wata takwas jirgin ya yi a ƙarƙashin rufin kwano, cikin bazarar Madina, inda in ka shanya riga kafin ka juya ta bushe.

Kwana uku kafin gwaji Surajo ya kira Badamasi ya zo ya sa albarka. Nuna masa yake son yi, kowa ya gane. Badamasi ya je da sabuwar hula. Ya zagaya injin, ya gyaɗa kai. Sannan ya durƙusa kamar zai gyara takalmi, ya leƙa ƙarƙashin jirgin, sai ga hasken rana yana ratsowa tsakanin allunan, siri-siri, daga gaba har baya.

Abin da duk ɗan Yawuri ya sani ke nan, kuma ba ya fita a hoto. Katako in ya bushe yana tsukewa, haɗin allunan ya buɗe. Sai an shayar da jirgi, a bar shi cikin ruwa kwanaki ana kwashewa har ya kumbura ya rufe kansa, sannan a ɗora masa mutane. Kalma ɗaya ta isa ta ceci Surajo. Badamasi ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa, ya ce fentin ya yi kyau ƙwarai.

A gida da ya ba ta labari, Mero ta tuna masa ɗan wane ne Surajo, ta ce in wani ya nutse fa? Ya ce ya san wurin ciki da bai, ruwan iya ƙirji ne har nesa da gaɓa, kuma jirgin ba zai kai inda zurfi yake ba. Ta ce to ya ji tsoron Allah. Ya ce yana ji, shi ya sa bai taɓa ko noti ɗaya a jirgin ba, bai kuma yi wa kowa ƙarya ba, fentin ya yi kyau.

Ranar Asabar da hantsi ya tsaya a Badar ya sayi dabino, ya isa Rayis ya samu inuwa ya zauna. Mutanen Saif sun fi na bara yawa, kowa da wayarsa a sama. Aka sauke jirgin, Saif da baƙi biyu suka shiga, Surajo ya kama sitiyari. Injin ya tashi da murya mai daɗi, har Badamasi ya gyaɗa kai, don inji bai yi masa laifi ba. Ba su yi nisan jifa biyu ba baƙon da ke baya ya ɗaga ƙafafunsa. Famfon kwashe ruwa ya yi iya yinsa ya gaza. Surajo, maimakon ya kashe inji, sai ya ƙara wuta wai ya juyo da sauri, jirgin ya nutsa gindi, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Haka manyan mutane suka diro cikin ruwa, jallabiya ta manne musu a jiki, suna turo jirgi kamar masu tura motar da ta ƙi tashi. Wayoyin nan kuwa ba wanda ya sauke tasa.

Badamasi yana cin dabinonsa yana tara ƙwallayen a hannu. Ya ji daɗi, daɗi na gaske, ba zai ɓoye ba.

Surajo ya duba bututu, ya duba famfo, ya duba hotunansa da jiƙaƙƙen yatsa. Da ya ce a kawo gam a cike tsagogin, Saif ya tambaye shi me ya sa na bara bai yi haka ba. Surajo ya juya wajen Badamasi. Ya tako har inuwar, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya durƙusa, ya yi ƙasa da murya da Hausa.

"Kawu, don girman Allah ka rufa mini asiri. Na yi kuskure."

"Da wane harshe ka yi kuskuren?" in ji Badamasi. "Da shi za ka gyara. Ga su can tsaye."

Surajo ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya fuskanci Saif da baƙinsa, ya faɗa da Larabci cewa injin bara ba aikinsa ba ne, wannan dattijon ne ya ƙera shi tun daga farko har ƙarshe, shi hoto kawai ya ɗauka. Muryarsa ta yi ƙasa wajen ƙarshe, Badamasi ya sa hannu a kunne, dole ya maimaita.

Saif ya zo ya sumbaci kan Badamasi, ya kira shi mu'allim, wato gwani. Sai a lokacin Badamasi ya tashi. Ya ce a zare man injin yanzu, a wanke shi da ruwan daɗi kafin gishiri ya kama. Ya ce kada wanda ya kuskura ya sa gam, don in katakon ya kumbura zai tsage. A bar jirgin a ruwa kwana biyar ana kwashewa, shi ke nan. Ya shiga motarsa ya koma Madina kafin la'asar.

Rabin maganin ya ba su. Jirgi in ya sha ruwa ya kumbura, ƙashin bayansa yana ɗan lanƙwasa, katakon da inji ke zaune a kai ya motsa, sandar da ke juya farfela ta daina fuskantar inji daidai. Kaurin farce ne bambancin, amma ya isa ya sa jirgi karkarwa. A kwana na shida Saif da kansa ya kira, ya ce ruwa ya daina shiga, amma da an sa giya jirgin sai ya kama rawa kamar zai watse.

Badamasi ya je da sifana biyu da 'yan siraran tagulla a aljihu. Surajo na nan, ya rame, wayarsa a hannu. Ya matso a hankali ya ce, "Kawu, ko in riƙe maka fitila?" Badamasi ya ce ƙishirwa yake ji, kuma shi ba ya shan ruwan kantin nan na kusa, a samo masa na cikin gari. Cikin minti arba'in, kafin Surajo ya je ya dawo, Badamasi ya sassauta ƙafafun injin, ya cusa tagullarsa inda ya kamata, ya ɗaure, ya wanke hannu. Jirgin ya tafi lafiya lau.

Yanzu in aka yi maganar jiragen nan a Madina sunan Badamasi ake kira. Surajo yana gaishe shi a masallaci, amma bai ƙara taka gidan ba, kuma har yau bai san abin da aka yi a minti arba'in ɗin nan ba. Mero ta taɓa cewa Badamasi, ga shi ido ya fara rauni, 'ya'yansa duk mata ne kuma ba mai sha'awar baƙin mai, mutum ɗaya ne a garin nan yake son sanin abin da ya sani.

"To wa za ka bar wa?" ta tambaye shi.

Ya ce in ta kama a binne shi da abinsa a maƙabartar Baƙi'a, a binne. Amma ɗan Usmanu ba zai samu ba.